Kawu da Ramukan Cikin Ƙarfe

Shekarar da aka buga gasar ƙwallon Afirka a Garuwa kawuna ya rasu. Ilimin ƙarfe ya karanta a ƙasar waje. A majalisa yakan ɗaga cokalin shayi yana tururi, ya ce, "Ƙarfe ma yana da ƙananan ramuka. In haskoki masu ƙarfi suka daɗe suna dukansa, iskar hiliyom takan taru a ciki, ya kumbura ya tsage."

Wani Alhaji maƙwabcinmu ya laƙaba masa Mahaukacin Ƙarfe, yara suka ɗauka. Da sunan aka binne shi, kuma har yau abin yana cin raina.

Jiya wajen addu'ar shekara Alhajin ya miƙe ya ce, "Jama'a, ni na ɓata shi. Lafiyarsa ƙalau."

Ya makara, amma ya faɗa a gaban kowa. Allah Ya haskaka kabarin kawu.