Bangon Aji Shida

Wata huɗu na yi ina kwana a aji shida na wata makarantar firamare a Lafiya, ba wanda ya taɓa tambayata takarda. A bayan motar doya muka shigo gari, ni da Mama da ƙannena biyu, ranar da rikici ya cinye ƙauyenmu da ke bayan Assakio. Gida ya ƙone, rumbu ya ƙone, makarantarmu ma ta ƙone ƙurmus. Aka buɗe mana azuzuwa aka ce mu shiga. Gida bakwai a ɗaki ɗaya, mu kusurwar baya muka samu. Da itace ya yanke, benci muka riƙa farfasawa muna girki. Ba zan ɓoye ba, da hannuna na ɓalle ƙafar wani benci, kuma da za a mayar da ni cikin wannan yunwar yau, sai na sake ɓallewa.

Da ƙura ta lafa aka ce kowa ya tattara ya fita, za a koma karatu. Mu ba mu da wurin komawa. Mama ta kama ɗaki a bayan kasuwa ta fara sayar da lemu. Wata Litinin ta sa na wanke ƙafa da soso har ta yi ja, ta riƙe hannuna muka koma makarantar, wannan karon ta ƙofar ofis.

Hedimastan gajere ne, tabaraunsa ɗaure da zare. Yanzu da na girma na san ba mugu ba ne. Ya dawo ya tarar ba benci, silin ya yi baƙi da hayaƙi, malamai uku sun gudu ba su dawo ba, yara kuma sun ninka. Amma a ranar, da ido na kisa, da na kashe shi.

"Oga, gud monin," in ji Mama, da irin Hausarta ta kasuwa. "Na kawo yarinya na. Yana kilas sikis a gida."

"Ina takardar tiransifa?"

"Sukul ɗin ya ƙone, Oga."

"Katin sakamako fa?"

"Shi ma ya ƙone. Abeg, ka tambaye shi kwashan, ya san littafi sosai."

"Madam, duk wanda ya shigo ofis ɗin nan ɗan aji shida ne. Jiya aka kawo min wani, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ba takarda, aji uku. Haka aka rubuto mana daga sama, ba ni na ƙirƙira ba."

Shekarata goma sha uku. A hanyar gida Mama ta gaya min gaskiya, ba kwana-kwana: ba za ta iya jira na shekara uku ba. In na rubuta jarrabawar shiga sakandare a bana, to. In ba haka ba, ga tire, ga lemu. Kuma ƙarshen wata za a rufe sunayen masu jarrabawa. Na ji haushinta, na ji haushin hedimasta, har ƙannena da ba su san hawa ba ba su san sauka ba sai da na dungure wa ɗaya kai.

Washegari na ɗauki 'yar kujerar girkin Mama. A lokacin kowane yaro da abin zamansa yake zuwa, wani bulo, wani gwangwanin madara. Na wuce aji uku ko kallonsa ban yi ba, na shiga aji shida na dasa kujerata a kusurwarmu. Malamar ajin, wata doguwa mai ciki, ta dube ni ta saman rajista, ta ci gaba da kiran suna. Kafin ƙarfe tara hedimasta ya leƙo.

"Ke! Wa ya ba ki izinin shiga nan?"

"Sa, ai nan nake kwana."

Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa ba wasa nake ba. Na ce, "Da ina kwana ba ku ce takarda ba, sai yanzu da zan yi karatu?"

Ya kama kunnena ya kai ni har ƙofar aji uku. Yana juya baya na dawo. Haka muka yi ta yi kusan mako biyu, ya fitar, in dawo. Yaran gari suka sa min suna 'yar gudun hijira mai kujera. Wani ya ce mu ne muka cinye musu benci. Na ce ƙwarai, kuma ya yi daɗi. Malamar ba ta taɓa korata ba, amma ba ta taɓa karɓar littafina ta duba ba, don sunana ba ya cikin rajistarta. Wannan ya fi jan kunnen ciwo.

Saura kwana uku a rufe sunaye aka ce sufeto zai zo, a shafe bango da farar ƙasa. Manyan yara suka ja katon kabad ɗin da ke bayan aji. Sai ga bango daga ƙasa har tsayin kafaɗata, cike da rubutun gawayi. Ni na yi shi. Lokacin da muke zaune a ɗakin, kabad ɗin yana can gefe an tare wata mai jego da shi, ni kuma kullum da rana ina rubuta lissafin da aka koya mana a ƙauye don kada ya gudu daga kaina: doguwar rabawa, kashi cikin ɗari, faɗin gona da tsawonta.

Aka kira hedimasta. Ya zo da bulalarsa.

"Wane ɗan banza ne ya ɓata min bango? Bulala shida!"

Ba wanda ya sani sai ni, kuma ban taɓa shan bulala a makaranta ba. Na miƙe.

"Ni ce, Sa."

"Ke kuma?"

"Ka ce in kawo takarda. Ga ta nan. Ita kam, wuta ba ta ci ta ba."

Ya ɗaga bulalar, sai kuma ya sauke. Ya gyara tabarau, ya durƙusa da farin wandonsa a ƙasa, ya fara bi layi-layi da yatsa, bakinsa na motsi. Ya daɗe. Can ya ƙwanƙwasa wani wuri.

"Wannan ba daidai ba ne."

Na duba. Na ce, "Daidai ne, Sa. Bakwai ce, hayaƙi ne ya cinye kanta."

Ya sake lissafawa. Bai ce na yi gaskiya ba, ba ya cikin halinsa. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya ce wa malamar, "Kawo rajista." Sannan ya juyo gare ni. "Bulala shida na ce, kuma ba na janye magana. Kawo hannu."

Na ɓoye na dama a baya, na miƙa masa na hagu.

"Ɗayan fa?"

"Da shi zan rubuta jarrabawa, Sa."

Duka shidan a hagu ya zuba min. Hawaye na zuba, amma idona na kan biron malamar, ina gaya mata yadda ake rubuta sunan babana harafi bayan harafi, don kada ta yi kuskure.