Muttaka da Kofin Fadama

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin fito daga ƙauyenmu zuwa Guri ya san Muttaka, dogon mutumin nan mai ɗingishi da ba ya hira da fasinja. Kaɗan ne suka san cewa gola ne, irin wanda ba mu sake samu ba. Tun yana saurayi yake tsaron gida babu safar hannu, da tafin da igiyar komar kamun kifi ta riga ta mayar kamar busasshiyar fata.

Ƙungiyarmu ba ta da wani suna. Masunta ne da manoman shinkafa, sai Buba da ƙanensa, makiyaya, masu zuwa atisaye in sun shayar da shanu. Manyan ƙungiyoyin Haɗeja ko gaisuwarmu ba sa amsawa. Shi ya sa da Alhaji Zainulabideen, wani dillalin riɗi, ya sayo kofi ya ce na ƙananan ƙungiyoyi ne kawai, sili ɗaya ƙwale, wanda aka ci ya koma gida, muka ɗauka an tuna da mu. Aka sa masa suna Kofin Fadama.

Shekara uku kacal ya yi. A ta farko 'yan Kaugama suka kore mu, a ta biyu 'yan Birniwa. A ta uku Muttaka ya haura talatin da biyar, gwiwarsa ta hagu ɗaure da tsumma. Ya ce wa matarsa Asabe, ko ya ɗaga kofin nan bana, ko kuwa shi ke nan. Ya kama fenariti biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Muka kai wasan ƙarshe, kuma a filinmu za a buga.

To, filin namu aro kogi ya ba mu. In ruwa ya janye mu buga, in ya dawo mu ba shi kayansa. Kowa ya san haka, har 'yan kwamitin gasar. Amma a wajenmu ba a buga wasan ƙarshe sai mai kofi na zaune a rumfa, shi zai fara taɓa ƙwallo, shi zai miƙa kofi. Alhaji kuwa yana Kano, wai sai sati mai zuwa. Muka share fili, muka zuba toka a layi, muka jera kujeru. Sati ya zo aka ce ya wuce Legas.

Muttaka ya sami shugaban kwamiti, Malam Tasi'u.

"Malam, ruwa fa ya kai gindin tsamiya. A buga ran Juma'a, in ya so Alhaji ya miƙa kofin daga baya."

"Haba Muttaka. Mutum ya saya mana kofi, mu buga ba ya nan? Ai rashin ladabi ne."

"Kogin bai san Alhaji ba, Malam."

Har yau ban yafe wa kwamitin nan ba. Sau biyar muna zuba toka. Ranar da aka ce tabbas Alhaji ya taso, muka wayi gari ruwa har gwiwa a fili, kujeru suna yawo. Kafin ruwan ya janye Alhaji ya shiga siyasa. Ciyawar kacalla ta cinye filin, gwiwar Muttaka ta ƙi warkewa, ya sayi jirgi. Sandunan gola na giginya kaɗai suka rage a tsaye.

Bara da aka yi ambaliya, Alhaji ya zo jaje ƙauyuka, kuma jirgin Muttaka ya hau. Ina ciki. Alhaji bai gane Muttaka ba. Muna wucewa ta gefen sandunan ya nuna su da carbi, yana murmushi.

"Af, nan ne filin ko? Wai su wa ma suka ci kofin nan nawa?"

Muttaka bai daina tuƙi ba, bai kuma dube shi ba.

"Ba a buga ba, ranka ya daɗe. Kai muke jira."