Sifilin Baba Akawu

Shekara talatin da biyu Baba Akawu ya yi a ofishin ƙididdiga, a teburin da ke jikin taga, yana kwafe lambobi zuwa babban littafi. Tsabtar aikinsa har ta yi yawa. Ya tsani ganin gurbi a buɗe cikin jadawali. Ko maɓallin wuyan rigarsa bai taɓa bari a buɗe ba, matarsa ta yi masa tsiya har ta gaji.

Yana sabon ɗauka aka ba shi bayanan ruwan sama na shekara goma. Mai duba ma'aunin ruwan, wani lokaci ba ya zuwa, ko ciwo ko lalaci, sai ya bar ranar babu komai. Baba kuwa duk inda ya ga fili sai ya ɗiga sifili, shafi ya yi kyau. Da littafin nan shugabansa ya rubuta takarda, ya ce ruwa "ya yi ƙaranci ainun" a shekarun, bai ko faɗi da me ya gwada ba. Aka buga ta a mujalla, aka yi ta kafa hujja da ita.

Sai bayan shekara biyar Baba ya gane ɓarnar da ya yi: ranar da ba a auna ba daban, ranar da ba a yi ruwa ba daban. Kunya ta kama shi, ya ja bakinsa ya yi shiru har ya yi ritaya.

Ana nan sai autarsa, mai karatun digiri na biyu, ta ɗora aikinta kacokan a kan takardar, wai ruwa ya ƙaru a yanzu. Saura wata biyu ta miƙa. Ta karanta masa babin farko a tsakar gida tana murna. Ranar abinci ya ƙi ciyuwa. Washegari Baba ya kira ta ɗaki ya faɗa mata komai, har adadin ranakun, ɗari biyu da sha ɗaya, don bai taɓa mantawa ba.

Wahalar shekara guda ta tafi a banza, ita ma ta sani.

Da ta kai wa malaminta maganar, ya ce a aika wa mujallar gyara, da sunan wanda ya gano kuskuren. Ta dawo ta ce sunan Baba za ta sa, wanda ya yi kuskuren kuwa ba sai an ambace shi ba.

"A'a, Auta, sa duka biyun," in ji shi. "Layi ɗaya zai ishe ki."