Allurar Karasawa Mitsue

Ƙarfe bakwai na safe Karasawa Mitsue take buɗe shagonta a unguwar Koenji. Ta sha shayin sha'ir, ta sa farar safar hannu, ta kunna fitilar tebur. Shekara arba'in da shida tana yanka fim tana haɗawa. Yanzu ido ya gaji, wata mai zuwa za ta rufe. Ba jaridar da ta taɓa ambatarta. Ni da na tsufa ina haska fim a wani ɗakin kallo na ƙarƙashin ƙasa, ban yi makaranta mai nisa ba, amma zan faɗa.

Marigayi Uchimura, mai gajerun finafinan da mutum ashirin ke kallo, ya ɗauki fim kan labarin wata mai shan jini. Kowa ya san irinsu madubi ba ya nuna su. Shi ya manta, ya tsayar da 'yar wasan gaban madubi, fuskarta ta fito tar. Ya zauna ya riƙe kai.

"Darakta, bar kukan nan," in ji Mitsue. "Miƙo allura."

Hoto bayan hoto ta kankare fuskar, hoto sha takwas ke cikin kowace daƙiƙar fim, wata uku cur. A allo, gurbin fuskar ya zama farin haske mai rawa kamar harshen wuta. Aka yaba wa Uchimura. Ita ko ta koma kan teburinta.

Bara wani ma'aikacin gidan adana finafinai ya zo, ya miƙa katinsa da hannu biyu. Za su juye fim ɗin Uchimura a kwamfuta, su share ƙarcen duka. Kwafi ɗaya ne tak a duniya, ya fara warin tsami. In ba su karɓa ba, ruɓewa zai yi.

"Karasawa-san, injinmu ba ya barin datti ko ɗigo," in ji shi cikin ladabi.

"Kai mai kwat, wane dattin?"

"Wannan na madubin..."

"Idona ne wannan. Gara ya ruɓe a hannuna da ku wanke shi."

Ta mayar da gwangwanin fim ɗin cikin kabad. Sau huɗu ya dawo da kwalin alewa, sau huɗu ta cinye ta sallame shi. A na biyar ya rubuta, ya buga hatiminsa: ba za a taɓa ƙarce ko ɗaya ba. Sannan ta miƙa.

Mitsue, ke ce kaifi ɗaya. Na gode. Fim ya tsira da tabonsa.

Ku masu tasowa, kowa ya tsaya wa aikin hannunsa haka, ko ya bar sana'ar.