Tartsatsi, Mai Waldar da Aka Raba da Wuta

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayin, wanda kowa ya sani da laƙabin Tartsatsi, a shekarar 1956, a wani ƙaramin gari da jirgin ƙasa kan tsaya ya sha ruwa ya wuce. Mahaifinsa leburan layin dogo ne, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi a gida. Ya yi firamare har aji biyar, amma karatu bai karɓe shi ba, don haka a 1969 mahaifin ya kama hannunsa ya danƙa shi ga wani mai walda a bayan tasha. Nan ya samo laƙabin, domin babu rigarsa ko ɗaya da tartsatsin wuta bai huhhuda ba, ga shi kuma da saurin hawa.

Sana'a da Iyali

A 1980 ya buɗe shagonsa na waldar lantarki, inda ya yi suna wajen ƙera ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Mutum ne mai alfahari da aikin hannunsa, kuma bai ɗauki masu waldar gas a bakin komai ba. Maƙwabcinsa mai gyaran salansar motoci da waldar gas ya sha ba'a a wurinsa shekara da shekaru. Ya raɗa masa suna Mai Kyandir, kuma kullum sai ya ce masa su liƙi suke yi, ba walda ba.

Ya yi aure a 1983 da 'yar wani kafinta, Allah ya azurta su da 'ya'ya shida, ɗaya ta rasu tana jaririya. A 1998 ya ƙera wa gidansu ƙofar ƙarfe mai kyau, ya kafa ta, amma bai sa mata sakata ba. Ya ɗaure ta da guntun waya a kan cewa gobe zai ƙarasa. Matarsa takan ce, "Baban yara, ka yi wa duk gari sakata, mu kuma muna rufe gida da waya?" Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, "Ina sane." Haka ya yi ta kasancewa a sane har tsawon shekara goma sha shida.

Rashin Lafiya

A ƙarshen 2013 jiri ya fara ɗibarsa, numfashi ya riƙa yanke masa in ya ɗaga ƙarfe. Wata rana da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar shago. Bincike ya tabbatar da cewa bugun zuciyarsa ya yi ƙasa ƙwarai, kuma a farkon 2014 aka dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya a saman ƙirjinsa na hagu, ƙarƙashin fata. Ba ta kai akwatin ashana girma ba. Jama'a dai batir suka kira ta.

Ranar sallama, yana kwance magani bai gama sakinsa ba, likita ya tsayar da matar a bakin ɗaki ya ce mata, "Walda kam ya bar ta. Kada ya kusanci wuta mai ƙarfi, za ta rikita na'urar." Wutar lantarki ta injin walda likitan ke nufi. Ita kuwa baiwar Allah, da ta ga mijinta a ƙasa kamar gawa, wuta kawai ta ji, kuma ta riƙe kalmar da hannu biyu.

Jinya

Jiki bai ba da wahala sosai ba. An hana shi ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa na wasu makonni, matar ce ke sa masa riga, har ɗinkin ya kame, kumburin ya saɓe, jirin ya tafi. Abin da ya ƙi warkewa shi ne ransa. An hana shi shiga kicin, an kwashe ashana daga ɗakinsa, ko dutsen guga aka kunna sai an kore shi tsakar gida. Babban ɗansa, wanda ake kira Dogo, ya karɓi shagon, ya ja layi da jan fenti nesa da injin, ya ajiye wa uban kujera a bayan layin.

A kan kujerar nan ya tsufa. Yana jin ƙarar sandar walda, yana gane inda Dogo ya yi gaggawa, amma ba shi da ikon tashi ya karɓa. Yakan sa yatsa ya taɓa tudun da ke ƙirjinsa, ya ce shi da ya yi rayuwarsa yana kunna inji, yau inji ke kunna shi. 'Yan unguwa suka sauya masa suna zuwa Mai Batir, ya daina amsawa, sannan ya daina ba'a, abinci ma sai an yi da gaske. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙofar gida, domin duk shiga da fita sai ya kwance wayar nan da hannunsa. Dogo ya sha cewa, "Baba, bari in sa sakatar nan mana, aikin minti nawa ne?" Sai ya ce, "Kada ka taɓa min ƙofa." Yana zuwa asibiti duba na'urar a kan kari, amma girman kai bai taɓa barinsa ya yi tambaya ba, ko me aka ce masa, lafiya lau ce amsarsa.

Canjin Batir

A 2021 ƙarfin batirin ya ja baya, aka sake kwantar da shi aka canza. Da wata likita ta zo duba ɗinkin, matar ta yi mata bayani cikin alfahari cewa shekara bakwai ko ashana ba ta bari ya ƙyasta ba. Likitar ta ce, "Mama, ai wutar lantarkin injin walda ake nufi. Harshen wuta ba ruwansa da na'urar." Daga kan gado, cikin muryar da ba a san shi da ita ba, ya ce, "Waldar gas fa?" Ta ce in ɗinki ya warke, babu laifi. Matar ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Ya miƙa hannu ya dafa kanta.

Da ya warke, ya taka da ƙafarsa zuwa shagon Mai Kyandir ya ce, "Na zo koyon liƙi." Maƙwabcin bai rama ba'ar ba, ya jawo masa benci. Amma shekarun da suka tafi sun tafi da abinsu: ido ya dushe, hannu yana rawa. A watan Maris na 2022 aka turo tukwanen gas ƙofar gidansa, ya durƙusa ya ɗaura sakatar da kansa, matar na riƙe masa da tabarau. Waldar ta fito da ƙuraje, a karkace, irin wadda da can zai kori mai koyo a kanta. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Uwar yara, ga sakatarki. Ki yi haƙuri da jinkirin."

Rasuwa

Bai sake riƙe wuta ba bayan wannan. Ya rasu a watan Agusta na 2023, yana da shekara sittin da bakwai, bayan gajeriyar jinya ta ciwon huhu. Matarsa ce ta zare sakatar da hannunta aka fita da shi, aka yi masa sallah, aka binne shi a maƙabartar bayan tasha, Mai Kyandir na cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: Dogo mai riƙe da shago, da mai bi masa malamar firamare, da direban babbar mota, da tela, da auta mai sayar da kayan gini, sai jikoki goma sha ɗaya. Sakatar tana nan a karkace, sai an ɗan ɗaga ƙofar take shiga. Bayan rasuwar mahaifinsa, Dogo ya zo da inji zai gyara ta, uwar ta tsaya a gaban ƙofar ta ce masa ya mayar da kayansa shago.