Lauyan Littafi da Taguwar Bazawara

A kasuwar Gangara na tsinci littafin, a hannun wani mai taba yana yagar shafukansa yana ƙunshi. Na Faransanci ne, ba kai ba gindi. Lokacin ina tafinta wa kwamanda Bature a barikin Tanut, lakwal ɗin Damagaram, inda na yi boko, ba ta gama fita daga kaina ba.

Labarin shirme ne. An kashe wani attajiri a lambunsa bayan ruwan sama, ga sawu ɓaro-ɓaro a taɓo, amma ƙatti suka shige ɗaki suka share kwanaki suna surutu. Ko akuya ce ta ɓata a ƙasarmu ta Damargu ba a yin wannan sakarci. Gwanin nasu wani lauya ne, sana'arsa rikita shaidu da tambayar ƙarfe nawa. Na raina shi, amma na karanta shi sau uku, har ina gwada tsayuwarsa.

Ana haka wata bazawara ta zo daga Tenhiya. An sace mata taguwa, ita kaɗai gare ta, da nononta take ciyar da marayu. Ta zo da wani dattijo mai bin sawu, wanda ya bi taguwar kwana biyu har garken wani attajirin makiyayi. Dattijon ya ce ya gane ta da yadda take jan ƙafar hagu. Duk wanda ke wurin ya gamsu, kwamanda ma ya ɗauki alƙalami.

Nan lauyan littafin ya motsa mini. Ba wanda ya sa ni, na tambayi dattijon ƙarfe nawa ya ga sawun, na kuma fassara wa kwamanda don ya san da wa yake aiki. Dattijo ya ce da hantsi. Na matsa masa, ya ce ko da walaha. Kwamanda, wanda bai san sawun raƙumi da na jaki ba, ya ajiye alƙalami, ya ce shaidar da ke sauya magana ba shaida ba ce. Aka sallami ɓarawo. Kwamanda har yaba mini ya yi, ni kuma dolo na ji daɗi.

A bakin ƙofa dattijon ya tsaya gabana.

"Ɗana, ƙasa nake kallo, ba rana ba."

Har yau in na tuna ina jin ƙyamar kaina. Matar ba ta ko dube ni ba. Ta naɗe igiyar da ta zo da ita don jan taguwarta, ta kama hanyar Tenhiya a ƙasa.