Baƙa da Baƙa'u

Ban yi karatu ba. Fatiha da 'yan surorin salla, nan na tsaya. Amma katanga ɗaya ta raba gidana da zauren wani babban malami a Wurno, kunnena kuwa ba ya da ƙyaure.

Zamanin Turawa ne, lokacin da suka matsa wa jar akuya saboda fatarta. Kowa a unguwarmu ja yake kiwo. Ni kaɗai ke da baƙa, shi ya sa ba ta da wani suna sai Baƙa. Matata ta rasu ta bar mini jaririya, nonon akuyar nan ke riƙe da ita.

Sai aka yi baƙo, wani shehin tauhidi daga Rabah. Manyan ɗalibai suka taru, masu gemu, wasu har da furfura, daga Goronyo da Dinawa. Kullum da hantsi baƙon ya yi bayani, su kuma su yi ta gardama har azahar kan kalma ɗaya. Ni dai ina gyaran albasata.

Ran nan na ji wani ɗan Goronyo ta bayan katanga yana gaya wa ɗan'uwansa cewa an gama da Ƙidamu, gobe kuma shehi zai feɗe musu Baƙa'u har wutsiya.

Ban san Ƙidamu ba, ko ta wane ce. Baƙa kam na san ta. Na kuma san ba a sallamar babban baƙo ba yanka.

Na ce a raina ba a yanka dabba mai ita na riƙe da igiya. Da safe na ɗaura mata igiya, na jawo ta, na shiga zaure na zauna bakin ƙofa.

Abin da na manta shi ne, duk wanda ya jawo dabba zauren malamai, kyauta ya kawo. Malam maƙwabcina na ganina ya washe baki, ya shaida wa baƙo cewa ga talaka ya kawo abin da ya mallaka. Kafin in buɗe baki an ɗaga hannu. Aka yi mini addu'a doguwa, da ni da iyayena. Har na shafa. Wani ɗalibi ya miƙo hannu zai karɓi igiya, na riƙe.

"Mi ne ne kuma, maƙwabci?" in ji malam.

"Allah gafarta malam, ba kyauta ba ce. Na ji za a feɗe ta, shi ya sa na zo tsaro."

Ɗan Goronyon nan ne ya fara ganewa, ya kife kan buzunsa don dariya, rawaninsa ya warware. Baƙo ya share hawayen dariya, ya gaya mini Baƙa'u sifa ce ta Ubangiji, wato wanzuwarsa ba ƙarshe, bayani ne za a feɗe.

Na ce to, na miƙe. Ashe da saura. Wani mai furfura ya ce addu'ar fa? An yi ta kan kyauta, kyauta kuwa ba ta tabbata ba. Wani ya ce ai na shafa, shafawa karɓa ce. Wani ya ce ba niyya, ba kyauta. Suka jawo littattafai. Baƙa tana tsaye tana cin gefen tabarma, ni ina riƙe da igiya, gumi na zuba.

Da abin ya yi tsawo baƙo ya tambaye ni wa ke shan nononta. Na gaya masa.

"Akuya ta marainiya ce," in ji shi. "Addu'a kuma ba a maido ta. Tashi da su duka biyu."

Yarinyar ta girma, har ta yi jikoki. Baƙa kuwa tuni ta tsufa ta mutu a turkenta. Ran da na ja ta bayan gari na tuna da shehin. Lallai ba ita yake nufi ba.